Kurakuran da aka fi yi wajen warware wasan cike gidaje mai jigon salon haruffa

Wasan cike gidaje da kalmomi irin na jaridun Ingila, wanda Edward Powys Mathers ya fito da shi a jaridar Observer tun 1926 da sunan aro na Torquemada, ya sha bamban da wanda aka saba gani a mujallu, domin kowace tambaya a cikinsa tana ɗauke da hanyoyi biyu zuwa ga amsa ɗaya: ma'anar kalmar kai tsaye, wadda takan zo a farko ko a ƙarshen jimla, da kuma dabarar haɗa haruffanta. Idan aka ɗora masa jigo, kamar sunayen salon haruffan ɗab'i, sai wahalar ta sauya kama, kuma akasarin masu makalewa a wurare kaɗan suke makalewa.

Kuskure na farko shi ne karanta tambaya kamar labari. Mai tsara wasan yakan rubuta jimla mai daɗi don ta ja hankali zuwa wani wuri dabam, kuma a wannan jigon kalmomi uku ne suka fi yi masa aiki: "face", "type" da "font". Wanda ya ga "face" yakan tafi neman fuska, wanda ya ga "type" ya tafi neman iri ko nau'i, "font" kuwa na iya nufin kwanon ruwan baftisma a coci, alhali duka ukun sunan salon haruffa suke nema. A ɗauki tambayar da ta ce "Face found in Utah, Omaha" mai gidaje 6. Babu ruwanta da jihar Utah ko birnin Omaha na Amurka. Kalmomin "found in" suna nuna cewa amsar a ɓoye take, kuma idan aka haɗa ƙarshen suna na farko da farkon na biyu za a ga TAHOMA. Gyaran shi ne a fara raba jimlar gida biyu, a gwada kalmar farko a matsayin ma'ana, idan ba ta ci ba a gwada ta ƙarshe.

Na biyu ya fi wannan illa, kuma a ganina shi ne ya fi ɓata wasa: da zarar mutum ya gano jigon, sai ya riƙa cusa duk sunan da ya dace da yawan gidaje ba tare da ya tabbatar da ginin kalmar ba. BODONI, FUTURA, OPTIMA da TAHOMA duk haruffa 6 ne, uku daga cikinsu kuma da A suke ƙarewa, saboda haka tsawo kaɗai ba hujja ba ne. Dole ne kowane harafi ya sami dalilinsa a cikin tambayar. OPTIMA, wanda Hermann Zapf ya zana aka fitar a 1958, ana iya gina shi daga OPT da I da MA. BODONI daga BOD, wato mutum a Turancin titi na Birtaniya, da ON da I. GARAMOND kuwa haruffan "dragoman" ne, wato tafinta, aka yamutsa. Amsar da ba a iya warware gininta ba, sai a rubuta ta da fensir, domin harafi ɗaya na kuskure yakan toshe amsoshi biyu ko uku da suka gitta ta a kwance ko a tsaye. Ƙa'idar da Derrick Macnutt, wanda aka sani da Ximenes, ya shimfiɗa a littafinsa na 1966 ita ce tambaya ta yi wa mai warwarewa adalci, kuma yawancin masu tsarawa suna bin hakan ko da sun sassauta, don haka in kalma ta rage ba ta da aiki, alama ce cewa amsar ba daidai ba ce.

Akwai kuma waɗanda ba sa gane jigon ko kaɗan, domin sunaye da yawa kalmomi ne na yau da kullum. GEORGIA jiha ce a Amurka kuma ƙasa ce, amma salon haruffa ne da Matthew Carter ya zana wa Microsoft. COURIER ɗan aike ne, kuma shi ne salon da Howard Kettler ya yi wa keken rubutu na IBM. GILL gaɓar da kifi ke numfashi da ita ce, kuma sunan Eric Gill ne mai Gill Sans na 1928. TIMES na iya zama alamar sau ko sunan jaridar da ta fara amfani da Times New Roman a 1932. Mai tsarawa yakan ba su ma'anarsu ta yau da kullum, ya bar jigon ba sanarwa. Idan IMPACT da CENTURY suka fito a wasa guda, ya kamata a tsaya a duba sauran gidajen da idon mai neman jigo.

Sai batun rubutu. ARIAL na 1982 da ARIEL, ɗaya daga cikin watannin duniyar Uranus, harafi na huɗu ne kawai ya raba su, kuma a allon jarida mai gidaje 15 a kowane gefe wannan harafin sau da yawa ba ya haɗuwa da wata amsa da za ta tona kuskuren. UNIVERS na Adrian Frutiger, na 1957, haruffa 7 ne, babu E a ƙarshe.

Matasan da suka san haruffa daga jerin da ke cikin kwamfuta kaɗai sukan manta cewa masu tsara wasannin nan suna son kalmomin tsohuwar maɗaba'a ta dalma. PICA, wadda ke kwance a tsakiyar "typical", ma'aunin girman harafi ce, haka ma PEARL, RUBY, MINION, BREVIER da NONPAREIL. EM da EN faɗin tazara ne, kuma sukan shigo a matsayin guntayen kalma idan tambaya ta ambaci fili ko ma'aunin mai ɗab'i. "Pie" kuwa haruffan dalma ne da suka zube suka cakuɗe, shi ya sa ganinta a tambaya yakan zama umarnin yamutsa haruffa, ba abin ci ba. Ƙamus ɗin Chambers, wanda wasanni masu wuya irin su Listener suke dogara da shi, yana ɗauke da waɗannan kalmomi.

A irin waɗannan wasanni masu wuya akan rubuta ɗan bayani a sama, mutane kuma sukan tsallake shi don gaggawa. A nan ne ake sanar da cewa wasu tambayoyi ba su da ma'ana kai tsaye sai dabarar haruffa kaɗai, ko kuma cewa za a cire wani harafi kafin a shigar da amsa, kuma wanda bai karanta ba zai ɓata lokaci yana neman ma'anar da tun farko ba a sa ba.