Shawara ga masu dillancin gona da fili

Salam 'yan uwa. Wani ƙanenmu ya tambayi yadda ake samun masu saye. Ga abin da na gani tsakanin Wudil da Gaya.

Ka riƙa cin kasuwa. Ranar Juma'a a karar Wudil, wanda ya sayar da bijimai biyu kuɗi na masa ƙaiƙayi a aljihu, ƙasa yake nema ya zuba su. Zauna teburin mai shayi ka kasa kunne.

Riƙe mai saye shi ne aikin. Na taɓa sayar wa wani malamin makaranta fili a watan Maris, ƙasa busasshiya fes. Agusta na kamawa ruwa har gwiwa, kwaɗi na ta biki. Har yau in na gaishe shi da ka yake amsawa. Yanzu in wuri na kwantar da ruwa, tun a kan babur nake faɗa.

Gonar gado kuwa, sai ka ji daga bakin kowane magaji, har matan da ke ɗakin aure, don a nan rigima ke ɓuya. A taka iyaka maƙwabta na tsaye, a kafa turaku, mai unguwa da dagaci su sa hannu. Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da takardar mallaka a karkara, don haka ka raka mai saye sakatariya.

A yanke la'ada kafin ciniki. Bayan kaka ka kira wanda ya sayi gona ta hannunka: "Alhaji, ya geron bana?" A irin wannan kiran ne wani ya ce min ƙanensa na Kano ma yana neman gona.