Yadda ake horas da malaman firamare su koyar ta hanyar waƙa, zane da wasan kwaikwayo

Yawancin bitar da ake shirya wa malamai a kan wannan hanya tun ranar farko take mutuwa, domin mai horaswa yana ta lacca, malamai suna ta kwafa, a tashi babu wanda ya rera ko baiti ɗaya. Mutanen da ke gabanka, kai mai horaswa, masu takardar shaidar malanta ta NCE ne, wasu daga kwalejin ilimi, wasu ta karatun NTI, cibiyar horas da malamai ta ƙasa da ke Kaduna. Sun riga sun karanta cewa yaro ya fi gane abin da ya yi da hannunsa. Aikatawar ce ba su taɓa gani ba.

Da farko kada ka tara fiye da malamai 30, kuma a cikin ajin makaranta za a yi, ba a zauren otal ba. Kuɗin zauren a ƙara wa malamai a kuɗin mota. Kayan aiki kuma su zama waɗanda malamin ƙauye zai samu gobe ba tare da ya taɓa albashinsa ba: yumɓu, karan dawa, murafen kwalba, tsohon kwali, gawayi.

Ka buɗe da darasi kai tsaye, su ne ɗalibai. Ɗauki ɗebewa na aji biyu, ka kafa kasuwa a cikin ajin: wannan na sayar da tumatir ɗin yumɓu, wancan ya zo da murafe goma, ya sayi na shida, a tambayi aji canjinsa. Manyan malamai za su noƙe saboda kunya. Kada ka tilasta wa dattijo rawa a gaban 'ya'yan cikinsa, ka ce, "Malam, kai ne sarkin kasuwa, kai za ka raba gardamar canji." Da kansa zai shigo. Ganga kuwa a bar ta, tafi ya isa, don akwai iyayen da da zarar sun ji kiɗa a makaranta za su janye 'ya'yansu.

Sannan kowane malami ya ɗauko darasi daga manhajar da yake koyarwa a wannan zangon, ya ɗora shi a kan abin da yara suka sani: amon waƙar gaɗa, tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kacici-kacici, ko salon tashe. Tambaya ɗaya zai amsa a rubuce: me yaro zai iya bayan wasan nan wanda bai iya ba kafinsa? In babu amsa, a sake shiri.

Ga inda ake faɗuwa. Darasin da ya yi kyau a gaban manya 30 masu natsuwa, watsewa yake yi a gaban yara. Manufar ilimi ta ƙasa a Najeriya ta ce malami ɗaya ga yara 35, amma wanda ya shiga firamaren gwamnati a Arewa ya san ana samun ninkin haka har da ɗoriya, wasu a ƙasa suke zaune. Malama ta raba yumɓu don a gina ɓ da ɗ, kafin ta juyo an fara jifa da shi, na baya sun hau benci, hedimasta ya leƙo ya ce wace hayaniya ce wannan. Daga ranar ta koma "ku maimaita bayana", kuma ba laifinta ba ne. Saboda haka rabin kwanakin bitar a cikin aji na gaske za a yi su, da yaran makarantar, yawansu yadda yake.

Kafin a taɓa kayan wasa, malami ya koya wa yara alamar shiru: ya tafa sau uku, su amsa da tafi biyu, hannuwa a cinya. A yi ta maimaitawa har ta zauna. Rukuni kuwa layi-layi ne yadda suke zaune, kada a ja benci, kowane layi da shugabansa, shi kaɗai ke tasowa karɓar kaya. Umarni kafin rabo, ba bayansa ba, domin yaron da yumɓu ke hannunsa ba ya jin kowa. In darasin na minti 35 ne, wasan kada ya wuce 15, kuma goman ƙarshe na rubutu ne a littafi, ko da layi biyu. Wannan rubutun shi iyaye da masu duba makarantu suke gani.

Kai mai horaswa ka zauna can baya, kada ka karɓi alli ko da abu ya rikice. Gyara sai yara sun fita: abu ɗaya da ya yi daidai, abu ɗaya da zai canja, sannan gobe ya sake darasin a wani aji.

Hedimasta ya zauna a bitar tun daga farko, in ba haka ba shi zai hana. A haɗa malamai biyu-biyu su riƙa shiga ajin juna, a buɗe musu zauren WhatsApp na tura waƙoƙin da suka yi aiki, kai kuma ka koma makarantar kafin zango ya ƙare. Takardar shaida sai bayan wannan ziyarar.