In kana son karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a, ga abinda za a nema a wajenka

Duk shekara sai ƙannenmu sun zo da maganar nan, "yaya ni fa kwamfuta nake so in karanta", kana tambayar yaro me ya ci a lissafi sai ya hau sosa ƙeya. To tun daga nan ake tankaɗe da rairaya, kos ɗin nan lissafi ne ya saka rigar kwamfuta, iya taifin a shagon fotokwafi ko ƙwarewa a danna waya ba su zasu baka gurbi ba.

Fara da takardar sakandare, WAEC ko NECO ko NABTEB, kiredit biyar ake so kuma dole a ciki akwai Turanci da lissafi da fiziks, sauran biyun irin su kemistiri da bayoloji. Kiredit daga C6 yake farawa, D7 a lissafi sai dai haƙuri ka sake zama. Yawancin jami'o'i suna yarda a haɗa zama biyu, misali WAEC ɗinka da NECO.

Sai JAMB, kuma nan ne mutane suke yiwa kansu sakiyar da ba ruwa. Dan samun lambar da zaka yi rijista da ita, ka tura NIN ɗinka zuwa 55019 da layinka na kanka, dan Allah ba layin mai kafe ba, kuma ka duba sunanka da ranar haihuwa na NIN su zo ɗaya da na takardar sakandare, harafi ɗaya in ya bambanta wlh sai ka sha zirga-zirga. Darussa huɗu zaka zauna, Turanci, lissafi, fiziks, na huɗun mafi yawa kemistiri suke ɗauka, amma kafin ka biya kuɗi buɗe kundin JAMB ka ga me jami'ar da ka zaɓa ta yarda dashi, kar ka tsaya mai rijista ya zaɓa maka yana sauri layi ya taru mishi. Maki 400 ne gaba ɗaya, kuma kar katof ɗin jami'a ya ruɗe ka, wannan na shiga tantancewa ne kawai, kos ɗin da ake rububi sashen yakan ɗaga nashi sama.

Mu nan gida jihar Katsina akwai jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua (UMYU) da ta tarayya dake Dutsin-Ma (FUDMA), sai Al-Qalam in aljihun Baba zai ɗauka. Wadda kake so da gaske ita zaka sa zaɓin farko, ka cike fom ɗin tantancewarta in ta buɗe, sannan ka je sentar CBT, inda ake rijistar JAMB, a ɗora sakamakonka na sakandare a CAPS, shafin da JAMB take bada gurbi ta kai, in babu shi a can ko 300 ka ci sunanka bazai fito ba. In ya fito kuma ka shiga da kanka ka danna amincewa.

Wanda makinshi bai kai ba ga Hassan Usman Katsina Poli ko ta tarayya dake Daura, kayi difloma ka fito da sakamako mai kyau, ka sayi fom ɗin DE na JAMB, wato na masu difloma da makamantansu, ka faɗa aji biyu na jami'a kai tsaye, shekara uku kenan maimakon huɗu.