Yadda za ka sa akuyarka ta ƙara nono, kuma ya yi maiƙo

Jama'a da yawa suna kukan akuyarsu ba ta nono, sai ka ji mutum yana neman akuyar Turawa da ake kira Saanen, alhali tasa ta gida ko ruwan sha ba ta samu yadda ya kamata. Gaskiya ne Saanen ta fi yawan nono nesa ba kusa ba, amma zafinmu yana wahalar da ita, ga ci, kuma nononta bai kai na jar akuyar Sakkwato ko ta Maraɗi kauri da maiƙo ba. Tamu in ta samu kulawa za ta ba ka wajen rabin lita a rana, wata ma ta wuce.

Aikin tun tana da ciki ake fara shi. Cikin akuya wata 5 ne, to daga shiga wata na 4 ka ƙara mata harawar wake ko ta gyaɗa, da dusa, da ɗan tunkuza ko angurya, in akwai 'ya'yan gawo a kusa ka haɗa mata, sannan ga kanwa ko gishirin lasa a gefe. Kar ka cika ta da dusa zalla dan Allah, nonon zai iya ƙaruwa amma maiƙon raguwa yake yi, harawa ce ke riƙe maiƙo. Ruwa kuwa kar ya yanke a gabanta musamman da bazara, don fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, ka kuma yi mata inuwa.

In ta haihu, dakashin nan na kwanakin farko ka bar wa 'ya'yan, shi ne rigakafinsu. Bayan sati biyu zuwa uku sai ka riƙa raba su da dare ka tatsa da asuba, ka wanke hannu da hantsar da ruwan ɗumi, ka tatse sosai saboda na ƙarshen nan ya fi maiƙo, da rana kuma 'ya'yan su sha nasu. Haihuwar fari nononta kaɗan ne, sai a ta uku ko ta huɗu take cika, kar ka yi saurin kai ta kasuwa.

Ka nisanta bunsuru da wurin tatsa, warinsa yana kama nono. In ka ga hantsa ta kumbura da zafi, ko nonon yana fitowa da gudaji ko jini, a daina sha a kira likitan dabbobi. Kuma ko lafiyarta ƙalau, a tafasa kafin a ba yara, saboda ciwon bakkale, wanda ke sa dabbobi ɓari, yana shiga jikin mutum ta ɗanyen nono.