Yadda ake auna darajar Marsandi 300 SL kafin a zuba kuɗi a kanta

Na shekara goma sha ɗaya ina aiki a wani garejin gyaran tsofaffin motoci a kudancin Jamus, kuma babu motar da ake yawan tambayata a kanta kamar Marsandi 300 SL, mai ƙofofin nan da ke buɗewa sama kamar fikafikan tsuntsu. Tambayar ba ta sauyawa: nawa take yi, kuma in na saya zan ci riba? Ga hanyar da nake bi da mai tambaya.

Da farko ka san wacce ake tallata maka. Mai fikafikai an fara nuna ta a New York a 1954, aka ƙera guda 1,400 zuwa 1957. Daga nan aka koma mai buɗaɗɗen sama, aka yi guda 1,858 zuwa 1963. A cikin masu fikafikan, 29 kacal aka yi wa bodin alminiyom gaba ɗaya, kuma kasuwarsu daban take. Mai bodin ƙarfe, in tana da lafiya, ta haura dala miliyan ɗaya a 'yan shekarun nan. Ta alminiyom kuwa, a Janairun 2022 kamfanin gwanjo na RM Sotheby's ya yi gwanjon ɗaya a kan dala miliyan 6.8. Kada dillali ya ruɗe ka da labarin yuro miliyan 135 da aka biya wa wata Marsandi a birnin Stuttgart na Jamus a watan Mayun 2022. Waccan 300 SLR ce, wata mota daban, guda biyu kawai aka yi irinta.

Sai lambobi, kuma a nan kuɗin yake kwance. Lambar shasin mai fikafikai ta ƙarfe tana farawa da 198.040, ta alminiyom 198.043, mai buɗaɗɗen sama 198.042. Inji yana da tasa lambar, bodi ma haka. Kamfanin Mercedes-Benz yana ajiye da bayanan yadda kowace ta fita daga masana'anta, har launin fenti da irin kujeru. Ka nemi wannan takarda, ka riƙe ta a hannu, ka haska tocila a kan kowace lamba da idonka. Wani bawan Allah ya taɓa kawo mana tasa da ya saya daga ganin hotuna. Fenti kamar madubi, fatar kujeru tana ƙamshi. Da maigidana ya goge jikin injin da tsumma, sai muka ga lambar ba ta zauna daidai ba, wasu haruffan sun fi wasu zurfi, alamar an kankare an sake bugawa. Mutumin ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya yi shiru, ya daɗe bai ce uffan ba. Motar tana tafiya lafiya lau, amma a kasuwa ta faɗi warwas, kuma har yau abin yana damuna.

Bayan lambobi, a ɗaga ta sama a kwance faifan ƙarfen da ke rufe cikinta. Ƙwarangwal ɗinta na siraran bututu ne da aka haɗa da walda, kuma tsayinsa a gefe ne ya hana a yi mata ƙofa irin ta kowa. In ta taɓa haɗari, a bututun nan za ka ga tabon. Ka bi bodin da maganaɗisu don gano inda aka yi ciko, amma ka tuna ko a mai bodin ƙarfe, ƙofofi da murfin inji da na but alminiyom ne, maganaɗisu ba zai kama ba.

Ka kuma sansana baƙin mai. Injin nan famfon kamfanin Bosch ne ke fesa masa fetur kai tsaye, kuma fetur yakan silale ya gauraya da baƙin mai, musamman in ana tayar da ita ana kashewa ba ta yi zafi ba. Warin fetur mai ƙarfi yana nufin ka ware kuɗin buɗe inji.

Ni a wurina motar da ba a taɓa ba ta fi wadda aka sabunta ta sha ƙyalli. A Oktoban 2024 an fito da wata mai bodin alminiyom ta 1956 daga ajiyar wani mai tara tsofaffin motoci, Rudi Klein, a Los Anjalis, bayan ta shafe kusan shekara hamsin a kulle, da ƙura da lotsewa, aka saye ta sama da dala miliyan 9.3. Abin da aka biya wa kuɗi shi ne asalinta da tarihinta. Fenti kowa zai iya fesawa.

Batun riba kuwa, ka yi lissafi da alƙalami. Farashi ya yi tashin gwauron zabo har zuwa wajajen 2014 da 2015, sannan kasuwa ta lafa na wasu shekaru, wanda ya saya a ƙololuwa ya jira ya gaji. A gwanjon Amurka la'adar mai saye kaɗai tana kaiwa kashi 10 cikin ɗari ko fiye, ga kason mai sayarwa, ga inshora, ga ɗaki marar laima, ga makaniken da ya san famfon nan, kuma ba su da yawa. Mota ba ta biyan haya kamar gida. Ci take yi kowace shekara. Masu kuɗin da ke tasowa yanzu hankalinsu ya fi karkata ga motocin da suka gani suna yara, na shekarun 1980 da 1990. Duk da haka ina ganin 300 SL za ta riƙe mutuncinta, don adadinta ba ya ƙaruwa kuma kamfanin da ya haife ta yana tsaye a bayanta da takardu da kayan gyara. Amma ba zan ba kowa shawarar cin bashi don ita ba, ko sayenta da niyyar juyawa cikin shekara biyu.

In Allah ya sa ka mallake ta, ka fita da ita kan hanya har baƙin mai ya yi zafi sosai, ka canza shi kusan kowane kilomita 1,600, kuma duk rasit, komai ƙanƙantarsa, ka jefa shi cikin fayil ɗin motar da kwanan wata.