Yadda ɗan kasuwa zai sauke wa kansa ƙananan ayyuka ya kuma sami mai yi masa jagora

Mai kafa kasuwanci yakan fara ne shi kaɗai: shi ke amsa waya, shi ke rubuta rasit, shi ne kuma ke tunanin inda kasuwancin zai dosa. Wannan tunanin babu wanda zai yi masa shi, amma lokacinsa ne ƙananan ayyuka suke fara cinyewa. Saboda haka ka fara da ɗaukar mako guda kana rubuta duk abin da ka yi da tsawon lokacin da ya ci, ba tare da yi wa kanka sassauci a lissafin ba. Daga nan ka ware ayyukan da sai da hukuncinka ko amanar da abokan ciniki suka ba ka, daga waɗanda kowane mai hankali zai iya yi idan aka yi masa bayani. Fiye da ƙarni guda da ya wuce, masanin tattalin arziki ɗan Italiya, Vilfredo Pareto, ya lura cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na filayen ƙasarsa suna hannun kashi 20 na jama'a, kuma mai yiwuwa ka tarar da irin wannan rashin daidaito a takardarka, wato ayyuka kaɗan ne suke kawo maka mafi yawan riba.

Sauran ayyukan, kamar tace saƙonnin imel, tsara lokutan ganawa, shigar da bayanai a kwamfuta da binciken farashin kaya, su ne za ka miƙa wa mataimaki, ko na kusa da kai ko wanda ka samu a shafuka irin su Upwork da Fiverr. A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe, domin sukan ba da umarni da baki cikin gaggawa, sannan su ɗora wa mataimakin laifi idan aikin ya lalace. Ka rubuta matakan aikin ɗaya bayan ɗaya, ko ka ɗauki bidiyon allon kwamfutarka kana yin sa, ka kuma faɗi yadda aikin da ya kammala zai kasance da ranar da kake bukatarsa. Ka fara gwada mutum da ƙaramin aiki, ka biya shi a kansa, kafin ka damƙa masa babba. Ka sanya masa iyakar kuɗin da zai iya yanke hukunci a kai ba tare da ya tambaye ka ba, in ba haka ba kuwa amsa tambayoyinsa zai zama maka sabon aiki. Game da tsaro, manhajoji irin su Bitwarden da 1Password suna ba da damar raba kalmar sirri da kuma janye ta daga baya, amma asusun banki ya zauna a hannunka. Ina kuma ganin wajibi ne a biya mataimaki haƙƙinsa cikakke a kan lokaci, ko da yana wata ƙasa mai nisa inda ba zai iya bin kadinsa ba.

Daga cikin rarar lokacin da ka samu bayan miƙa waɗannan ayyuka, wani kaso ya tafi wajen neman wanda ya riga ka bin hanyar. Kada ka aika wa babban mutum saƙo kana roƙon ya zama jagoranka, domin wannan nauyi ne marar iyaka da kusan kowa zai guje masa. Ka yi masa tambaya guda takamaimai wadda zai amsa cikin mintuna kaɗan, ka nuna masa abin da ka riga ka gwada, sannan bayan ka yi aiki da shawararsa ka koma ka gaya masa sakamakon. Wannan komawar ita ce take mayar da amsa guda ta zama dangantaka. Misali, shahararren mai zuba jari ɗan Amurka, Warren Buffett, ya yi karatu a hannun masanin harkar zuba jari Benjamin Graham a Jami'ar Columbia, ya nemi ya yi masa aiki kyauta aka ƙi, amma ya ci gaba da aika masa ra'ayoyinsa a kan hannun jari har Graham ya ɗauke shi aiki a 1954.

Abin da ya rage shi ne kare lokacin kada ya sake zurarewa. A 1955 marubuci ɗan Birtaniya, Northcote Parkinson, ya bayyana cewa aiki yakan miƙe ya cika duk lokacin da aka ware masa, don haka ka riƙa ba kowane aiki wa'adi gajere. Ka duba imel sau biyu kawai a rana, ka tara ganawa a yini ɗaya ko biyu na mako, ka bar safiya ga aikin da ke bukatar natsuwa. Idan hankalinka yana yawan rarrabuwa, ka gwada tsarin da Francesco Cirillo ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1980, na aikin minti 25 ba tare da taɓa waya ba, sannan hutun minti biyar.