A Beljiyam, Inda Ka Sauka Shi Ke Zaɓa Maka Harshe

Ɗan'uwa sabon zuwa, kafin ka sa hannu a takardar hayar ɗaki, tambayi abu ɗaya: wannan gari a wane yanki yake? Beljiyam tana da harsunan hukuma uku, Holanci da Faransanci da Jamusanci, amma ba ko'ina kowannensu ke aiki ba. Tun 1963 doka ta shata iyakar harshe. Arewa, wato Flanders, ƙasar Holanci ce, kuma nan ne mafi yawan jama'a suke. Kudu, Waloniya, Faransanci. Can gabas kusa da Jamus, wajen garin Eupen, ƙananan hukumomi tara ne ke Jamusanci. Burasels kaɗai, da ƙananan hukumominta 19, ke tafiya da Faransanci da Holanci kafaɗa da kafaɗa.

'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru su ne suka fi shan mamaki. Mutum ya taso daga Damagaram da Faransancinsa garau, ya shiga ofishin ƙaramar hukuma a Antwerpen da ke Flanders, sai ma'aikaciya ta amsa masa da Holanci. Ba wulaƙanci ba ne, doka ce ta ɗaure ta. Wasiƙar hukuma, takardar makarantar yara, duk haka za su zo. Kuma batun akwai tsohon miki a ciki: shekaru da dama Faransanci ne harshen manya, Holanci na talaka, har rikici ya raba jami'ar Leuven gida biyu a 1968. Don haka a Flanders, in Holancinka bai nuna ba, gara ka fara da "goeiedag", wato barka da yini, sannan ka nemi izinin yin Turanci. A nan ɗan Najeriya ko Gana ya fi samun sauƙi, domin mutanen arewa sun iya Turanci sosai.

Sunayen garuruwa ma sai ka lura. Mons ita ce Bergen, Liège ita ce Luik, Antwerpen ita ce Anvers. Ni kaina na taɓa tsayawa a tasha ina neman jirgin Mons, alhali yana gabana da sunan Bergen, har ya tashi ya bar ni da jaka a hannu. A cikin jirgin ƙasa sanarwa tana sauya harshe gwargwadon yankin da aka shiga. Faransancin nan ɗin ma yana da nasa: saba'in "septante" ne, casa'in "nonante".

Shawarata, ko a Burasels kake, inda Faransanci ya mamaye kasuwa da titi, kada ka raina Holanci. Guraben aiki da yawa suna neman mai harshe biyu, kuma yawancin masana'antu da manyan tashoshin jiragen ruwa suna arewa. Je ka Huis van het Nederlands, cibiyar masu neman koyon Holanci a Burasels, za su gwada ka su tura ka ajin da ya dace, kuɗin ba yawa. Ofishin neman aiki shi ma na yanki ne: Actiris a Burasels, VDAB a Flanders, Forem a Waloniya. Ranar da za ka nemi zama ɗan ƙasa kuwa, za a buƙaci shaidar cewa ka iya ɗaya daga cikin harsunan ukun, to ka adana kowace takardar kammala aji tun daga ta farko.